Gauraka da Damin Iri

Shekarar da ta biyo bayan canjin kuɗi ce, wadda rijiyar bakin masallacinmu ta ƙafe har yara suka ga ƙasanta. Damina biyu ke nan gero na fitowa yana ƙonewa a tsaye. Daga nan har Bagwai, dusa da ganyen tafasa ake ci, wanda ya sami garin kwaki kuwa ya yi sallah.

A gidanmu abu ɗaya ya rage, damin iri. Dami guda ne na zaɓaɓɓen gero, rataye a ƙoƙuwar rumbu, shi za a shuka in Allah Ya kawo ruwa. Gandu ɗaya muke, surukina ne babba. Mutum ne mai kirki, sai dai akwai son a yaba. In zai yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya shafa gemu, ya ce, "Gidana ba a fita da yunwa."

Sai matar ƙanin maigidana ta haihu, namiji. Tsoho ya ce a sauko da damin nan a sussuke, a yi wa baƙi tuwon suna. 'Ya'yansa suka sunkuyar da kai. Ni kuwa suruka ce, ko ido ba na haɗawa da shi, balle in ce masa kada.

Ana haka malamin makarantar boko ya aiko matarsa. Wai za su yi wasan kwaikwayo ranar ba da hutu, kuma an ce masa duk ƙauyen nan babu bakin tatsuniya kamar nawa. Ba a yi masa ƙarya ba! Mata suka ce, "Tatsuniya da rana? Ai ɓata za ki yi a kasuwa." Na ce, "In ɓata mana, kasuwar ma ai ba ta ci."

Ina tankaɗen dusa na ƙaga labarin. Wani gauraka ne mai tuntu a ka, tsuntsaye suka kawo masa ziyara, ya rasa abin ba su. Don kada a ce ya gaza, ya kwashe ƙwan matarsa ya dafa musu. Suka ci, suka yi masa kirari, suka tashi fir. Da damina ta faɗi kowace sheƙa sai kukan 'yan tsaki, tasa kuwa tsit.

'Yar farina, wadda har yau ban taɓa kiran sunanta ba, ita na sa ta fito a matsayin gauraka. Jika ce, tsakaninta da kakanta sai wasa, amaryarsa yake ce mata. Abin da bakina ba zai faɗa ba, nata zai faɗa a yi dariya.

Kai, ranar! Saura kwana biyu suna. Da hantsi aka cika gindin tsamiya, maza a tabarma, mu mata a bayan zana muna leƙe. Ga yarinyata an ɗaura mata tsintsiya a ka, tana taku ɗai-ɗai. Ni dai labari na koya mata. Amma da baƙin gauraka suka sauka sai ta tsaya, ta yi gyaran murya sau biyu, ta shafa haɓa, ta ce, "Gidana ba a fita da yunwa!"

Wuri ya fashe. Liman har rawaninsa ya kwance. Ni kuwa na ce yau sai gidan ubana.

Ta ci gaba. Da aka zo wurin sheƙar da babu kowa, ta durƙusa tana laluben kwando, tana cewa, "Ina masu kirarin? Ku zo ku ba ni ƙwai ɗaya." Dariya ta ɗauke. Kowa a wurin nan yana da damin da yake kallo da yunwa.

Da aka tashi tsoho ya yafito ta. "Ke amarya, ni kika mayar tsuntsu? Na sake ki!"

Ta ce, "Dama tuwonka ba gishiri."

"Wa ya koya miki?"

"Gemunka."

Ya yi dariya har da tari, ya dubi zanar da nake bayanta.

Ranar suna kunun tsamiya aka raba, tsararo, kana iya ganin fuskarka a ciki. An yi gulma, tsoho ya shanye. Dami bai sauko ba sai da ruwan shuka ya sauka, lokacin da rabin ƙauye ke yawon neman iri. Muka shuka, har muka sam ma maƙwabta biyu. Da kaka ta yi, na buɗe ƙofa na tarar da damin farko jingine a bakin ɗakina. Tsoho bai ce shi ne ba, ban tambaya ba. Tun daga nan na san kunyar kwana ɗaya ta fi yunwar shekara sauƙi, kuma babba ma yana jin gaskiya in an bar masa ƙofar da zai fita da girmansa.

Tsoho ya rasu, liman ya rasu, malamin ma an ce ya riga mu. Saura ni, da gaurakar tawa da ke aure a Zakirai, da jaririn da aka yi wa sunan kunu. Furfura ta cika masa kai, yanzu shi ke rataye damin iri a gidan.