Tsumman Mai Igiya

Mai Igiya ake ce masa tun yana jan babbar mota, domin bai yarda da kowane kaya ba sai ya ɗaure shi tamau. Ko murfin tukunya ya gani yana rawa, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Matarsa takan ce da yaran gidan suna tsayawa wuri ɗaya, da su ma sun sha ɗauri. Da bayansa ya gaji da doguwar hanya, sai ya samu aikin tuƙa wata malamar jami'a mai auna ƙarfin iska a cikin guguwa. Yana son aikin nan kamar me, don kullum a gida yake kwana.

Da rana ta take, sai su fita fako su zuba ido. In guguwa ta tashi, ya sha gabanta da mota, Malama ta dira ta kafa na'ura mai ƙananan kofuna da iska ke juyawa, su ja gefe. Guguwa kuwa ba ta da alkawari, sai ta nufo kamar gaske sannan ta kauce. Ga damina ta ƙarato, da an yi ruwa kuma sai baɗi.

Kofunan nan sun tsaya masa a rai, yadda suke kaɗawa a bayan mota in an shiga gargada. Sai ya riƙa ɗaure su da tsumma a ɓoye, in sun isa fako ya kwance.

Rannan tun ba su tsaya ba wata ƙatuwar guguwa ta miƙe. Ya taka mota, Malama ta kafa na'ura, suka kauce. Guguwar ta bi ta kan na'urar daidai tsakiya, abin da suka daɗe suna nema. Malama na murna, shi kuwa sai yanzu ya tuna bai kwance tsumman ba. Ya ɓata mata aikin shekara, in ta sallame shi kuma ga babbar mota can tana jiransa.

"Malama," ya ce, "kofunan a ɗaure suke. Ni na ɗaure su."

Ta sa hannu a jaka ta zaro tsumman, ta kaɗa masa.

"Wannan? Baba, ai ba na kafa na'ura ban juya kofunan da yatsa ba. Na daɗe ina ganinka. Tunda ka fara ɗaurin nan ko ɗaya bai sake karyewa ba, shi ya sa na ja bakina."

Mai Igiya ya zauna daɓas a kan yashi mai zafi, don daɗi bai ma ji zafin ba.

Ta miƙa masa tsumman. "Gobe ma ka ɗaure. Amma don Allah ka sassauta ƙullin, saura kaɗan ya cire mini farce."