Rigar Ɗantsoho Marar Hannu

Ni taubashin Ɗantsoho ne, uwata ƙanwar ubansa ce, saboda haka ina da ikon faɗin abin da kowa ya sani a ƙauyenmu na gefen garin Babban Mutum: Allah bai yi matsoraci kamarsa ba. Kare ya yi haushi a gabas, Ɗantsoho yana yamma zai sake hanya. Ranar da masu rigakafi suka zo da allura, shi da yake uban gida ya riga yaran shigewa ɗaki. Ga shi siriri, ga ciwon ƙirji da ya taso da shi tun ƙuruciya.

Sana'arsa fataucin awaki. Yana bin ƙauyuka ya saya, ranar kasuwa ya ɗaure su a bayan babur ya yi sammakon Mai'adua. Iskar safiya ita ke kashe shi. Yakan dawo yana tari har sai ya dafa bango, matarsa Haulatu tana tsaye da ruwan zafi tana faɗa. Ita ta matsa masa sai da ya je Daura wajen 'yan gwanjo neman rigar sanyi.

An ce ya gwada masu dogon hannu ya ƙi su duka, wai igiya za ta riƙa kama hannun, kuma akuya ba ta san rigar mutunci ba. Ya zaɓi wata marar hannu, ruwan ƙasa, kumburarriya, mai zif har wuya, an ɗinke ta gida-gida tun daga kafaɗa har ƙugu. Ta tare masa ƙirji, ta bar masa hannuwa suna aiki. Tari ya yi sauƙi, shi kuwa ya ɗauki son duniya ya ɗora wa rigar nan.

Mai gwanjon ya gaya masa in aka murɗe ta wajen wanki abin cikin zai dunƙule, in aka sa mata dutsen guga za ta narke. To, ka gaya wa matsoraci haka! Ya hana mai wanki taɓa ta. Da kansa yake jiƙa ta ya matsa a hankali, ya shanya a cikin ɗaki don kada rana ta cinye launin. Ko da bazara, in zai hau babur sai ya sa ta. In kuwa zai zaga bayan gida, sai ya tuɓe ta ya rataye a ƙusar zaure, don kada ta kwashi wari ko ta shafi ƙasa.

Wata ranar kasuwa wani bijimi ya ƙwace a kara. Kowa ya watse, Ɗantsoho kuwa tsoro ya daskarar da shi wuri ɗaya. Bijimin ya kai masa ƙaho a ƙirji, ƙahon ya zame a kan santsin rigar, ya yar da shi gefe. Ya tashi yana kakkaɓe jiki, ko ƙwarzane babu.

Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Mutane suka zauna suka haɗa lissafi. Riga gida-gida kamar an jera layu. Ba ya barin kowa ya wanke ta, ba ya barin rana ta gan ta. Kuma wa ke tuɓe riga kafin ya shiga bayan gida in ba wanda ke ɗauke da ayoyi a jiki ba? Aka yanke cewa kowane gida laya ce, ƙarfe ba ya cin mai rigar, har harsashi. Ni ma na yarda, duk da na san shi ciki da bai.

In an tambaye shi sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ne mai tsarewa." Bai yi ƙarya ba, amma bai ƙaryata ba. Mutumin da ya tsufa ana masa dariya, yau ga samari suna matsa masa wuri a bakin masallaci. Haulatu ta san komai, ta ce ya yi magana, ya ce ai bai ce da kowa komai ba.

Shekara ta zagayo, ruwan farko ya sauka. Washegari da safe Suhaibu, mijin 'yarsa Murjanatu, ya tarar da turke babu shanun huɗarsa guda biyu. Su ne duk abin da ya mallaka, ga shuka ta zo, ga Murjanatu da tsohon ciki. Ƙasa a jiƙe take, sawu ya fito raɗau ya nufi arewa. Muka taru za mu bi, amma wani makiyayi ya ce ya hangi ɓarayin shanun suna shiga duhuwar geza da ke cikin kwari, kuma ɗaya yana rataye da bindiga. Jikin kowa ya yi sanyi.

Suhaibu ba zai iya buɗe baki ya roƙi surukinsa riga ba, kunya ba za ta bari ba. Murjanatu ce ta ja ciki ta je gidan ubanta. Ta tarar ya zaga, riga tana rataye a zaure. Ta ɗauke ta, ta kai wa mijinta, ta ja masa zif da hannunta.

Da muka gan shi cikin rigar, gaba ɗaya muka miƙe. Muka hau babura har inda yashi ya hana, sannan muka taka. Suhaibu yana gaba da sanda kawai, mu muna bayansa a jere, kowa yana ƙoƙarin jikinsa ya saitu da nasa. Ina jin bugun zuciyata a kunne, amma in na dubi gidajen rigar nan a bayan Suhaibu sai in ƙara taku.

Mun kusa kwarin muka ji ihu daga baya. Ɗantsoho ne a guje, ya yar da babur a yashi, takalmi ƙafa ɗaya, numfashinsa yana fita da ƙara. Ya wuce mu ya sha gaban surukinsa, yana haki yana nuna rigar.

Suhaibu ya durƙusa. "Baba, a yi haƙuri. An ɗauka ba izini. In Allah ya yarda yanzu zan dawo da ita."

"Babu komai a ciki," in ji Ɗantsoho da ƙyar. "Wallahi babu komai. Gwanjo ce."

Dabo maƙeri ya yi murmushi. "Haka masu abu ke cewa, Ɗantsoho. Ba wanda ya ce ka tona."

"Baba, na san ba a faɗa," in ji Suhaibu, kansa a ƙasa. "Ku sa mini albarka kawai." Ya miƙe, ya kauce masa cikin ladabi, ya ci gaba da tafiya. Gezar tana gabanmu, jifa ɗaya.

Ban taɓa ganin tsoro irin wanda na gani a fuskar Ɗantsoho ba, ni da na sha ganin tsoronsa. Ya rantse, ba a yarda ba. Ya sake rantsuwa, wani ya ce rowa ce. Sai ya zaro 'yar wuƙarsa ta yankan igiya, ya bi Suhaibu ya cafki ƙirjin rigar, ya farke gida ɗaya. Farin abu ya ɓullo kamar audugar rimi. Ya farke na biyu, ya farke na uku, yana zaro abin yana watsarwa yana kuka. "Ga shi! Ku duba! Ina layar?"

Suhaibu ya dubi ƙirjinsa, ya dubi gezar, ya fara sunkuyawa ƙasa.

Nan take bindiga ta tashi. Duk muka zube, Suhaibu ya riga kowa kaiwa ƙasa. Reshen kalgon da ke bayansa ya karye ya faɗo, daidai tsayin ƙirjin mutum. Na cusa fuska a yashi ina salati, ina jiran ta biyu. Da na ɗaga ido sai na ga Ɗantsoho ya ja ciki ya isa wurin surukinsa, ya manta da wata kunya, yana shafa masa ƙirji da wuya yana duba tafin hannunsa ko akwai jini.

Da rarrafe muka bar wurin. Kafin hukuma ta iso, shanu sun daɗe da ƙetare iyaka.

Dariya ta dawo wa Ɗantsoho, har ta fi ta da. Samari suka daina matsa masa wuri. Haulatu ta ɗinke rigar da baƙin zare, yana sa ta haka nan zuwa Mai'adua. Suhaibu ya yi noman bana da hannu, kuma har Murjanatu ta haihu gaisuwa kawai ke haɗa shi da surukinsa. Yana gaya wa mutane wai da an ƙyale shi, da ƙarfin zuciya kaɗai ya karɓo shanunsa.

Ranar suna na kai wa Ɗantsoho wannan magana, don in ji abin da zai ce. Yana zaune a zaure da jaririn a cinya, yana hangen Suhaibu can waje yana raba goro, fuska a ɗaure.

"Ƙyale shi ya yi ta fushi," in ji shi. "Ga shi can dai yana yawo da ƙafarsa."