Karen da Baba Ya Ƙi Karɓa

Da kakar bana Baba ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Ni malamin yaƙi da jahilci ne a nan Tanut, kuma ban saba kawo zancen gidanmu jarida ba. In lokacin ya zagayo, a zaure muke taruwa a yi masa addu'a, a raba 'yar sadakar fura a watse. Amma bana zauren ne kansa ke cikin wani hali. Sati uku ke nan da na dawo daga aji na tarar an shafa masa jan fenti, an gicciya shi daidai kafaɗar mutum, irin alamar da hukuma ke sa wa ginin da za a tayar. Tsoro nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Wanda ya san Tanut kafin babban farin nan ya san Malam Isuhu Mai Rumbu Uku. Manomin hatsi ne, gajere, mai taurin kai kamar icen aduwa. Gidanmu na bakin gari, a inda ake ce wa Unguwar Rumbuna. Zaure kawai ne na ƙasa, sauran duk darni ne na karan hatsi, wanda Baba ke sabuntawa kowace kaka da hannunsa. Ba mai ƙofar ƙarfe a cikinmu. Mace kan ratsa ta kafar darni ta ɗebo wuta a maƙwabta ta dawo tukunyarta ba ta huce ba. Iyakar gida kuwa kowa ya san tasa: daga aduwar nan zuwa turken Mamman Mahauci namu ne, daga can zuwa maƙerar Agali nasu ne. Da fari ya tsananta, dabbobi suka ƙare, mutanen daji suka cika gari, Baba ya fasa rumbunsa na uku. Kullum da hantsi yakan zauna da tiya a bakin zaure yana auna wa mabukata hatsi, ba ya tambayar kowa daga ina ya fito.

Bayan farin, da kuɗin ma'adinan Arlit suka fara zagayawa, manyan motoci na ratsa gari suna yin arewa, sai ga masu awon fili da igiyoyi da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa. Suka kakkafa turakun siminti a ko'ina, har da ɗaya a gindin rumbunmu. Ba a jima ba wani ɗan aike ya zo daga ofis da hular kaki, ya yi sallama ya ce, "Malam Isuhu, an ce ka zo ka karɓi takardar karenka."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Karena? Kai, ka taɓa jin haushi a gidan nan?"

"Ba wannan ba, Baba. Kare na gida."

"Ai na gidan nake nufi. Ban ajiye ba, ubana ma bai ajiye ba. Je ka ce musu na gode."

Saboda 'yan'uwa na ƙetaren iyaka da ke karanta mu, bari in fayyace. Kare a bakin ma'aikatanmu kalmar Faransanci ce, fili mai kusurwa huɗu da aka auna aka ba lamba. Kafin la'asar labari ya game kasuwa, ana ta shewa: tsoho an ba shi fili ya ce shi bai iya kiwon kare ba. Ni a lokacin ina Damagaram, na sami ɗan ilimin lakol, wato boko, ga agogo, ga wando mai faɗin ƙafa, ina jin duk ƙasarmu ta Damargu ba wayayye kamata. Da na zo hutu aka ba ni labari, na yi dariya har da riƙe ciki. Abin da ya kamata in yi shi ne in taka zuwa ofishin nan, tafiyar da ba ta kai shan fura ba, in karɓo takardar da sunansa. Na ce sai gobe, hutu ya ƙare, na hau mota na koma. Da na sani ƙeya ce.

Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi na gane wa aka yi wa dariya. Wata azahar ina yi masa fifita, na tsokane shi da zancen don ya ɗan murmusa. Bai murmusa ba. Ya ce, "Abdu, kana tsammanin ban san karen da suke nufi ba? Wanda ya ba ka abin da ke hannunka, ya gaya maka ke nan nasa ne. Ran da ya ga dama sai ya ce kawo." Ya huta kaɗan ya ƙara da cewa, "Mai haushi ba ya ba ni tsoro. Wancan marar haushin nake gudu."

Na daɗe ina juya maganar nan. Wani lokacin in ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wani lokacin kuma, Allah ya gafarta mini, haushinsa nake ji. Gaskiya ya faɗa, to, amma gaskiyar ta hana a shafa mana fenti? Shi ya kwanta da mutuncinsa, mu ya bari da zaure marar takarda.

Da zai leƙo unguwar yau, na rantse sai ya nemi mai yi masa jagora. Waɗanda suka karɓi takarda su ne suka fara tashi, don abin da ke da takarda shi ke sayuwa. Alhazan Damagaram da manyan ma'aikata suka riƙa saye gida bayan gida. Mamman Mahauci ya koma Gangara wajen 'ya'yansa. Agali aka dame shi da cewa ƙarar gudumarsa na hana mutane barcin rana, ya naɗe zugazugansa ya yi Tarka. Inda darni yake yanzu katangar siminti ce ta fi raƙumi tsawo, an jera mata fasassun kwalabe a ka. Sunan Unguwar Rumbuna ma ya ɓace, don rumbu ɗaya ya rage, namu. Ban ce mugayen mutane ne ba. Sun jawo famfo, mu ma muna sha. Alhajin da ke damanmu yakan aiko da naman layya mai yawa. Amma shekara shida muna katanga ɗaya bai san sunan mahaifiyata ba, kuma an taɓa aiko mana cewa a rage daka da rana. A Damargu, a ce turmi ya yi ƙara. Bayan ƙofarsa ta ƙarfe kuwa akwai kare na gaske, ƙato, baƙi, wanda ke haushin duk mai tsohuwar riga. Ana cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Ban taɓa zaton mu ne zomon ba.

Ba don kaina nake tsoro ba, ni ko rumfa ta ishe ni. Inna nake ji. Idanunta sun tafi shekara huɗu ke nan, amma a cikin gidan nan ba ka ce makauniya ce ba. Ƙafarta ta san taku nawa ne daga ɗaki zuwa randa, daga randa zuwa murhu, ta san inda saiwar aduwa ta ɗago ƙasa sai ta ɗaga ƙafa. A nan aka kawo ta amarya, a bayan rumbun nan ta binne cibiyarmu mu bakwai. Ran da aka fitar da ita daga gidan nan, ran nan za ta makance da gaske, kuma na san ba za ta daɗe ba.

Washegarin fentin na je ofishin da na ƙi zuwa ina saurayi. Na sami wani ma'aikaci mai kirki, ya ba ni kujera, ya shimfiɗa wata babbar takarda mai zane-zane. Ya bi da yatsa har ya tsaya a kan wani ɗan akwati fari fat, ko'ina kewaye da shi sunaye.

"Malam Abdu, a takarda nan ba kowa," in ji shi. "Kare ne marar mai shi, shi ya sa aka sa shi cikin waɗanda za a raba."

Na ce, "Mutum goma sha biyu ke kwana a cikin ba kowan nan."

Sa'an nan ya ce hanya ɗaya ce ta rage. In kawo dattawa biyu, ba dangi ba, waɗanda suka zauna unguwar tun kafin awo, su shaida da bakinsu cewa Malam Isuhu ne mai wurin. Ya ba ni zuwa ƙarshen watan gobe. Na fito ina murna, ina cewa mutum biyu kawai? Sai da na tsaya a bakin zaure na dubi dama na dubi hagu, sa'an nan na gane. Duk wanda zai shaide mu an riga an saye gidansa. Na je Gangara, aka nuna mini kabarin Mamman, da daminar nan ya rasu. Na je Tarka, aka ce Agali ya bi surukansa arewa, ba wanda ya san a wace rijiya suke.

Na so ɓoye wa Inna. Shekaranjiya tana tsintar wake a faifai ta ce, "Abdu, idona ne ya mutu, ba hancina ba. Tun ranar na ji warin fenti." Ta ci gaba da tsintarta. Ta ce, "Kaka ta wuce. Ka sayo kara?" Na ce Inna, darnin da ba mu san ko zai ga damina ba? Ta ce, "Ubanka bai taɓa tambayar haka ba." Jiya na wuni ina ɗaurin darni, karen Alhaji na ta yi mini haushi ta ƙarƙashin ƙofa.

Na auna abin da Baba ya bari. Ba takarda, ba siminti, rumbu biyu sun zube. Abin da ya dogara da shi duk rayuwarsa bakin mutane ne: ya yarda cewa muddin maƙwabci na da rai, iyakarka ba ta ɓata. Ban sani ba ko ya yi daidai, kuma kwana arba'in suka rage in sani. Don haka na kawo zancen nan jarida. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kasuwa, a bakin rijiya, a tashar mota. In akwai wanda ya zauna Unguwar Rumbuna, ko ya taɓa shimfiɗa gefen rigarsa a bakin zauren nan shekarar fari aka zuba masa tiyar hatsi ba a tambaye shi sunansa ba, to yau mu ake tambaya. Allah ya jiƙan Malam Isuhu, ya sa ya huta. Gidan ba shi da wuyar ganewa: shi kaɗai ne mai darni, kuma akwai jan fenti a zaure. Mutum biyu nake nema.