Riga marar maɓalli ga Baba Mesa

Kullum da safe, kafin ya kurɓi ko ruwan shayi, Baba Mesa zai shimfiɗa mesar motar kashe gobara a tsakar ofis, ya bi ta a tsugune yana neman inda ta huje. Ya ɗaure da robar taya, ya naɗe, sannan a taru a tura motar ta tashi. Haka ya yi har furfura ta cinye kansa. A makon nan ya ajiye aiki.

Mutanen unguwa ba su taɓa raga masa ba. Da an ji jiniya sai wani ya ce, "Ga masu kwasar toka nan sun iso!" Ba ƙarya suka yi ba, sau da yawa wuta kan gama kafin ya zo. Mota ta tsufa, lunguna matsattsu, ruwan tanki bai taka kara ya karya ba. Amma maganar ta ci masa rai. Da abokan aikinsa suka ce za su yi masa taron bankwana, cewa ya yi, "Ku bar shi kawai. Me na kashe da za a tara mini jama'a?"

Wannan tambaya ce ta hana ni sukuni, Baba. Kai ne ranar gobarar layin teloli, da ruwan motarka ya ƙare, ka karɓi bokiti ka shiga layi. Kai ne ka fincike ƙofar ƙarfen wani shago da hannunka, ga ta ta ɗau zafi, ko a tsira da keken ɗinki. Ko allura ba a fitar ba. Tun ranar yatsunka na dama ba su sake miƙewa ba.

Mai wannan shagon, wani dattijon tela, shi ya ji labarin an fasa taro. Jiya, a kan idona, ya shigo ofis da ƙunshi a hammata.

"Yaya, gwada wannan," in ji shi.

Baba ya warware ƙunshin, sai ga riga, ya juya ta. "Malam, ai ka manta maɓalli."

"Ban manta ba. Na sha ganin ka a bakin titi kana fama da na wuyanka, sai ka tsaya wani ya saka maka."

"To ai shagonka ƙurmus ya ƙone."

"Ya ƙone. Amma ina tsaye, na ga wanda ya ƙone tare da shi."

Baba ya sunkuyar da kai. Ni kam sai da na share ido.

Mun gode, Baba Mesa, namijin duniya. Allah Ya saka da alheri, Ya sa a huta lafiya. Ku kuma matasan da ya bar wa motar, ku riƙa duba mesa kamar yadda ya saba. Mu da ke bakin titi, in mun ji jiniya, mu rage surutu mu ɗauko bokiti.

An dawo da taron, gobe ne. Baba ya ce zai zo, kuma da kansa zai saka rigarsa.