Ranar da Baba Ya Ce a Wangale Ƙofa

'Yata malama ce a Faskari. Jiya take ce mini wai Turawa na da kalmar "wangle", wato samun abu da wayo. Ni da bokona ya tsaya a aji biyu, "wangale" na ji, sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai.

Wani maƙwabcinmu a Sheme ya taɓa tsare tunkiyata, ya rantse tasa ce. Baba ya je da ni yana tauna goro, ya ce, "Malam, taka ce. Wangale ƙofar dai ta sha iska." Ashe ɗan tunkiyar na cikin babbar rigar Baba. Ya ɗan mintsine shi, ɗan ya yi kuka, tunkiya ta fito a guje, ta biyo mu har gida, Baba na ta dariya.

Allah Ya haskaka kabarin Baba, Ya yafe masa dariyar ranar nan.