Ƙwayoyin da Kalilu Ya Bayar

Kalilu mutumin Tawa ne, ya zo Arlit da ƙafafu biyu masu kyau, ya shekara goma sha tara yana haƙar yuraniyum a ƙarƙashin ƙasa. A cikin ramin ya haɗu da Akoli, Buzun da fari ya cinye wa awaki. Tun daga nan ba abin da ya shiga hannun ɗaya bai raba da ɗaya ba: burodi, goro, ruwan gora. Ranar da farashi ya faɗi, kamfani ya sallame su tare, kamar an zubar da ruwan wanki. Da tsufa ya zo, ciwo guda ya kama su, ciwon dajin nan da ke tare wa maza fitsari.

Matar Kalilu, Hansai, ita ta tattara ƴan kayanta ta kai shi Yamai, a shekarar da tawaye ya sa mota ba ta bin hanyar Agadas sai da rakiyar soja. Likitan da suka gani ko ɗago kai bai yi ba. Ya zana takarda da Faransanci, ya ce ƙwaya kullum, allura bayan sati biyu, na gaba a layi ya shigo. Magana ɗaya ce bai faɗa ba, kuma ita ce maganar gaba ɗaya: allurar kan fara tayar da ciwon kafin ta kwantar da shi, ƙwayar ce ke tare wannan tashin. Me zai rage shi da ya faɗa? Minti ɗaya bai cika ba.

Kalilu kuwa, kamar kowa a unguwarsu, ya san allura ita ce magani, ƙwaya ƴar rakiya ce. Da suka dawo ya tarar da Akoli yana nishi a tabarma, ba mai kai shi ko'ina. Ya juye masa ƙwayoyin duka a gefen rawani, har yana jin kunyar ya riƙe wa kansa babban kaso, wato allurar. Bai gaya wa Hansai ba, don ya san bakinta. Sati biyu na cika, aka yi masa allura.

Kwana biyar bayan haka bayansa ya ɗauki wuta. Ran na takwas ya tashi zai yi alwala, ƙafafu suka ƙi. Ma'aikacin asibitin da ya zo dubawa ya tambayi kwalin ƙwaya, nan asiri ya tonu. Ya ce a koma Yamai yau-yau, sai dai ayarin motoci bai tashi ba sai bayan kwana shida. Ko da suka isa, an ce an makara, ƙafafun ba za su sake tashi ba.

Hansai ba ta yafe ba har yau, kuma ni ban ga laifinta ba. Ta zagi likita, ta zagi hanya, ta zagi kirkin mijinta, wanda ya fi ƙona mata rai.

Bayan wata ɗaya Akoli ya shigo gidan da ƙafarsa, ya ɗan murmure. Ya tsaya bakin ƙofa.

"Malam Akoli," in ji Hansai, "ka zo ganin abin da ka sha?"

Kalilu ya ce, "Bari, Hansai." Ya nuna takalmansa na aiki da ke rataye a bango. "Sauko masa da su. Ƙafarmu ɗaya da shi."

Ta sauko da su, ta jefa a gaban Akoli, ta juya ta ɗauki tasar fitsari.