Jirgin Ruwan da Ya Karkata Zuwa Venezuela

Maigidana ne ya fara ganin tallar, manne a gilashin wani ofishin sayar da tikitin tafiye-tafiye a kan High Point Road, tsakanin shagon wanki da filin tsofaffin motoci. Lokacin muna garin Greensboro a Amurka, tsakiyar shekarun tamanin. Ni ina digiri na biyu a fannin abinci mai gina jiki, shi kuma yana nasa karatun da rana, da yamma ya tafi ɗaukar kwalaye a wani sito wajen titin Wendover. Mutumin da babban ruwan da ya sani a duniya shi ne kududdufin bayan garinsu, shi ne ya shigo gida yana washe baki, ya ce a hutun Disamba za mu shiga jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, mu zaga tsibirai.

Na yi masa dariya, amma ban hana ba. Tun da muka zo ƙasar ba inda muka sani sai makaranta da kantin cefane da ɗakin da ake haya ana sallar Juma'a.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne fasfo. Tambarin bizar da ke cikin namu ya riga ya ƙare. Zamanmu kan ƙa'ida yake muddin muna karatu, amma wanda ya fita ƙasar sai da sabuwar biza zai shigo. Na je wurin jami'ar da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje a makarantarmu, ta ce akwai sassauci: ɗalibi yana iya leƙa Kanada ko Meziko ko tsibiran da ke maƙwabtaka, ya dawo da tsohuwar bizarsa, in bai daɗe ba. Na faɗa mata wuraren da jirgin zai tsaya, ta ce duk suna ciki.

Da wannan muka je muka biya. Mai ofishin wata baturiya ce da ta manyanta, gashinta a kumbure kamar an hura shi da famfon keke, kuma kowa ya shigo sai ta kira shi "zuma", yadda matan kudancin ƙasar suke yi. Kafin maigidana ya sa hannu a cakin, na maimaita mata zancen bizarmu har sai da na ga ta fara kallon agogo. Na ce mata in jirgin nan zai taɓa wani wuri bayan waɗannan tsibirai, ba da mu ba.

"Zuma, kwantar da hankalinki," in ji ta. "Shekara da shekaru ina wannan aiki."

Saura 'yan makonni a tashi sai ga wayarta, muryar nan kamar mai albishir da haihuwa. Wai kamfanin jirgin ya kyautata tafiyar, an cire tsibiri ɗaya an sa wata tashar ruwa a Venezuela, kuma ba za a ƙara mana ko kwabo ba. Wai mun yi sa'a.

Washegari na koma wurin jami'ar makaranta. Ba ta ma bari na gama ba. Ta ce Venezuela ba ta cikin sassaucin, kuma ko ba mu sauka daga jirgin ba, ba wanda zai lamunce mana abin da ma'aikacin shige da fice zai yanke ranar da muka dawo Miami, inda jirgin yake tashi. Tana iya yiwuwa ya bar mu mu wuce, tana iya yiwuwa mu tsinci kanmu a Legas, karatu ya tsaya a tsakiya.

Na kwashi wannan bayani na kai wa mai gashin, na ce a mayar mana da kuɗinmu. Ta saurare ni da murmushin da ake yi wa yaron da ya ce ya ga aljani.

"To, zuma, ai sai ku zauna a cikin jirgi ranar. Akwai wurin iyo, akwai kiɗa."

Na ce ba iyo ne ya kawo ni Amurka ba. Sai ta ciro tikitin, ta juya bayansa, ta ɗora farcenta ja a kan wani rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa, inda aka ce kamfani yana da ikon sauya hanya duk lokacin da ya ga dama. Iyakar abin da za ta yi mana, wai saboda tana ƙaunarmu, shi ne ta ba mu takardar shaida mu yi wata tafiyar nan gaba, a jirgin kamfanin nan dai, wanda shi ma yana iya wayar gari ya nufi inda ya so. Kuɗi kuwa sai dai mu nema a wurin kamfani.

Na nema. Wayar nesa tsada gare ta a lokacin, kuma kowace murya a ofishin kamfanin da ke Miami sai ta miƙa ni ga wata. Duk karatu ɗaya suka haddace: maganar biza ta fasinja ce, a tuntuɓi wanda ya sayar da tikiti. Wani ma da na ce masa ni 'yar Nijeriya ce, sai ya tambaye ni ko tana cikin tsibiran da jirgin zai tsaya. Na ce masa a'a, amma tun da sun iya sauya hanya, su biya ta can su sauke ni gida.

Nan ne Alhaji ya shigo maganar. Alhaji Bahaushen Kumasi ne, ya girme mu duka, yana sayar da tsofaffin motoci, kuma ba abin da ke faruwa da ɗan Afirka a garin da bai ce shi ya san maganinsa ba. Ya ji labari a masallaci, ya biyo maigidana har gida.

"Ku yara ne, ba ku san bature ba," in ji shi, yana shan shayina. "Bature ba a zuwa masa da hayaniya. Kwarjini ake nuna masa. Gobe ki shirya, 'yata, ki ga aiki."

"To, Alhaji, Allah ya ƙara girma," na ce.

Ya zo cikin babbar riga mai aiki har ƙasa, ga turare, ga sanda. Ya ce in jira a mota, maganar manya ce. Ta gilashi nake hangen su: tana shafa aikin rigar, yana gyara hula, ta kawo masa kofi, ta baje masa hotuna a tebur. Da ya fito na tambaye shi yaya aka yi. Ya tada mota, ya ce matar kirki ce, an yi mata mummunar fahimta ne, kuma a gaskiya farashin da ta ba shi ba a samun irinsa. Ashe kafin alƙalami ya ajiye na tafiyarsa shi da Hajiyarsa, a jirgin da na je karɓo kuɗina daga gare shi.

Maigidana ya gaji. Ya ce, "A bar wa Allah kawai."

Na ce, "Malam, na ji a bar wa Allah. Amma wannan ai bar wa mai gashi ne, kuma kai ka ɗauki kwalayen, ba ita ba."

Akwai wani lauya da yake ba ɗalibai shawara kyauta a makaranta. Shi ya nuna mini kotun ƙananan ƙararraki, inda mutum yake tsayawa da bakinsa ba sai da lauya ba. Ya gargaɗe ni cewa rubutun bayan tikitin yana da ƙarfi, ba lalle in yi nasara ba. Na shigar da ƙara duk da haka.

Ranar zaman kotu mai gashin ta zo da mijinta, wani dogo daga unguwar masu kuɗi ta Irving Park, ya zauna yana kaɗa makullin mota, fuskarsa ta nuna an raba shi da filin wasansa saboda shirme. Alƙalin ya saurare ni, ya duba tikitin, sannan ya juya gare ta da tambaya ɗaya: ko kafin mu biya mun gaya mata cewa akwai wuraren da ba za mu iya zuwa ba?

Da ta ce ba ta tuna ba, da wataƙila shi ke nan, don ba ni da shaida sai mijina. Amma baki shi ke yanka wuya.

"Gaya mini? Ranka ya daɗe, ai matar nan tun ranar farko ta ishe ni da bizarta, biza, biza, sai ka ce ni na buga mata ita! Na ce mata ta kwantar da hankalinta, zuma, ka san yadda..."

Alƙalin ya ce ya ji, kuma ba sunansa zuma ba. Ya ce wanda ya san sharaɗin mai saye, ya ba shi tabbaci, ya karɓi kuɗinsa a kan haka, ba zai dawo ya fake da bayan tikiti ba. Ya yanke hukunci ta biya mu, ita kuma ta je ta nemi nata a Miami, tun da ta san lambarsu. Mijin ya daina kaɗa makulli.

Cakin bai iso ba sai da hutu ya ƙare aka koma makaranta. Disambar nan a ɗaki muka yi ta, shi yana ƙarin aiki a sito, ni ina rubutun bincikena kusa da hita.

Alhaji kuwa ya yi tafiyarsa, don shi takardunsa na zama cikakku ne. Hajiya ce ta ba ni labari a kicin ɗinta, tana dariya har da riƙe ciki: tun da jirgi ya bar gaɓa yake kwance yana amai, abin da ya iya ci burodi da ayaba, Venezuela ma ta taga ya gan ta. Wannan bai hana shi tara mutane bayan sallar Juma'a ba, yana nuna hotuna, yana gaya musu yadda ya shiga ofishin nan da babbar riga ya karya lagon baturiya har ta biya yaran nan kuɗinsu. Maigidana yana tsaye a wurin, aka juyo ana tambayarsa ko haka ne, ya ce Alhaji ya yi ƙoƙari.